Laraba: Girgiza da iska a filin sabon ginin bincike

Da safe muka taru a filin da jami'a ta ware wa ginin binciken lafiya. A da wurin ajiye motoci ne, kuma an kewaye shi ta kowane ɓangare: ɗakin karatu daga arewa, dogon benen kwanan ɗalibai daga gabas, babban titi daga kudu. Tunda babu inda za mu faɗaɗa, dole ginin ya yi sama ya kuma nutsa ƙasa, kuma daga nan duk gardamar yau ta samo asali.

Injiniyan da ke auna girgiza ya kafa na'urarsa a ƙasa, na tsaya kusa da shi ina kallon layin da ke kan kwamfutarsa. Duk lokacin da babbar mota ta wuce sai layin ya yi tsalle, alhali ƙafata ba ta ji komai ba. Ɗakin gwaje-gwaje na yau da kullum yakan jure girgizar da ba ta wuce maikuromita 50 a daƙiƙa ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma madubin ilektiron, na'urar ganin abubuwa ƙanana ƙwarai da masu binciken ƙwayoyin halitta suke nema, ba ya son abin da ya wuce kusan 6. Saboda haka muka yarda a kai shi ƙarƙashin ƙasa, a ɗora shi kan dunƙulen kankare mai kauri wanda ba a haɗa shi da sauran harsashin ba. Cibiyar Francis Crick ta Landan, wadda aka buɗe a 2016 kusa da tashar jirgin ƙasa ta St Pancras, ita ma ta saukar da kusan sulusin gininta ƙasa.

Da rana muka zauna da kwamitin jami'a, nan ne batun iska ya cinye mana lokaci. Iskar ɗakin gwaje-gwaje ba a mayar da ita ciki kamar ta ofis. Ana fitar da ita gaba ɗaya a shigo da sabuwa, sau 6 zuwa 12 a awa guda. Ɗakin da za a riƙa sarrafa ƙwayoyin tarin fuka kuwa, wanda ke mataki na 3 cikin matakai 4 na kariya daga ƙwayoyin cuta, dole iskarsa ta riƙa kwarara daga waje zuwa ciki, ta kuma bi ta matata mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta yake maikuromita 0.3. Ƙa'ida ta ce bututun fitar da iskar sinadarai ya ɗara rufi da aƙalla mita 3, amma wannan bai kwantar mini da hankali ba, domin benen ɗalibai ya fi namu tsayi, kuma tagoginsu a buɗe suke kwana. Yaran nan ba su san da taronmu ba, amma su ne za su shaƙi abin da muka yanke.

Shugaban kwamitin ya nemi a rage tsayin kowane hawa domin a samu ƙarin hawa ɗaya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, Farfesa, idan muka yi ƙasa da mita 4 da rabi, manyan bututun iska ba za su samu hanya ba, kuma duk gyaran da za a yi nan gaba sai an dakatar da bincike." Na kawo masa misalin Louis Kahn, shahararren mai zanen gine-gine na Amurka. A ginin binciken lafiya na Richards da ke Jami'ar Pennsylvania ya bar bututu a fili a saman teburan aiki, masu bincike suka yi ta kukan ƙura da hasken rana mai yawa. Da ya zo Cibiyar Salk a Kalifoniya, wadda aka kammala a 1965, sai ya ware wa bututu da wayoyi hawa nasu tsakanin ɗakunan gwaje-gwaje, ta yadda mai gyara zai shiga ya yi aikinsa ba tare da ya taɓa kowa ba. Filinmu ba zai ɗauki irin wannan yalwa ba, amma ina da yaƙinin cewa hawa bakwai masu numfashi sun fi takwas da aka matse.

Kwamitin ya amince da tsayin, ya kuma yarda a gwada ƙaramin samfurin ginin da maƙwabtansa a ramin gwajin iska, inda ake hura iska a ga yadda take bi, kafin a tsayar da tsawon bututun fitar da iskar sinadarai. Abin da ya rage ba a warware ba shi ne hanyar motar da za ta kawo ruwan naitirojin ta kuma kwashe sharar ɗakunan gwaje-gwaje, domin hanya ɗaya tilo da muke da ita ta ratsa inda ɗalibai suka fi cunkoso. Gobe zan zana ta daga gefen babban titi in ga ko motar za ta iya juyawa.