Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rariyar da Ido Ba Ya Gani

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Masu cewa na bar su a rataye wancan satin ku yi haƙuri, wallahi data ce ta ƙare ba jan aji ba. Mun tsaya a inda wata Dakta ta ɗauke ni aiki a lab ɗinta, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, da ke wajejen Yaba, aikin da bai wuce wanke kwalabe da goge tebur ba, albashin kuwa in ka cire kuɗin danfo daga Agege zuwa Oshodi, Oshodi zuwa Yaba, abin da ya rage sai dai a ce Alhamdulillahi kawai.

Amma bari na ɗan koma baya tukuna, in ba haka ba ba za ku gane dalilin da yasa wata 'yar leda ta tsayar dani cak ba. Ina ɗan shekara 11 Baba ya tura ni Kura wajen Kaka, wai Agege za ta lalata ni. Kura kuwa kun san ƙasar noman rani ce, ruwan Tiga yana bin kanal ta ko'ina, mu yara can muke wuni muna kurme har sai idonmu ya yi ja. Ban yi wata huɗu ba na fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Na tsorata na ɓoye, da na gaya wa abokina sai ya kwashe da dariya yace ai kowa na yi, alamar ka zama namiji kenan. Ni kuma har da ɗaga kafaɗa. Sai da na dawo Legas hutu Inna ta ga wandona wajen wanki, ranar na sha salati, washegari da hantsi ta ja ni asibiti. Abin da ban manta ba, nas ɗin ta zuƙi fitsarin da sirinji, ta matse shi ta cikin wani ɗan murfi na roba, ta buɗe ta zaro wata 'yar leda zagayayya da ba ta fi farcen babban yatsa ba, ta ɗiga mata wani ruwa mai kalar shayi ta saka a madubin likita. Tace tsargiya ce. Aka auna nauyina aka ba ni ƙwaya mai shegen ɗaci, shikenan na warke na manta.

To sati na uku da fara aiki, ina jera kaya a durowa sai ga wani ɗan akwati an rubuta Nuclepore a jiki, na buɗe, wallahi ita ce, ledar nan ta nas, an jera su kowace an raba ta da 'yar takarda shuɗiya. Na tsaya riƙe da akwatin kamar wanda ya haɗu da tsohon abokin makarantar allo a tsakiyar Oshodi.

A lab ɗin akwai wani bawan Allah ɗan Zariya mai karatun digiri na uku, Malam muke ce masa, shi kaɗai ne nake sakewa da shi mu yi Hausa. Ya ganni yace "Kai ɗan Zango, lafiya ka ƙame?" Na ba shi labari. Yayi murmushi yace "To ka san me ya huda ta?" Nace allura mana. Yace "Allurar gidanku." Ya ja kujera ya zauna, kuma Malam in ya fara bayani sai ka nemi wurin zama kaima.

Yace wadda aka tace min fitsari da ita ramukanta kamar maikuron 12 ne faɗinsu (in ka raba milimita ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shine maikuron), gashin kai kuwa yana kai wa maikuron 70, ka ga babu allurar da za ta yi wannan aikin. Ƙwayar jini faɗinta 7 zuwa 8 ne, sai ta sulale ta wuce, shi kuma ƙwan tsargiya tsawonsa ya haura 100, sai ya maƙale a sama da 'yar ƙayarsa a gindi, nas ta ƙirga. Mililita 10 na fitsari ake tacewa, in an samu ƙwai 50 ko fiye to cutar ta yi yawa. Ni dai ban san nawa aka samu a nawa ba, amma yadda nas ɗin nan ta kalli Inna na san ba kaɗan bane.

Hudawar kuma, yace harbin ledar ake yi. Akwai na'urori manya a irin su Dubna ta ƙasar Rasha da Damstat ta Jamus, masu cilla ƙwayoyin zarra masu nauyi irin su kirifton da zenon da mugun gudu, kowace ƙwaya ɗaya in ta ratsa ledar sai ta tsittsinka zaren robar a kan hanyarta, ta bar tabo miƙaƙƙe siriri kamar nanomita 10 (nanomita dubu ne ke yin maikuron ɗaya), ba rami ba tukuna, rauni ne kawai. Sai an tsoma ledar cikin ruwan kostik soda mai zafi, wannan dai da mata ke haɗa sabulu da ita, sodar ta fi saurin cin wurin da ya ji rauni fiye da lafiyayyen wuri, sai tabon ya buɗe ya zama rami zagayayye daga wannan fuska zuwa waccan. Yawan harbi shi ke ba da yawan ramuka, daɗewa cikin soda shi ke ba da girmansu. Wannan maganar ta ƙarshe ku riƙe ta, za ta dawo kaina.

Wasu mutum uku ne a kamfanin General Electric na Amurka, Fleischer da Price da Walker, suka fito da dabarar a farkon shekarun 1960, a da ma da tarkacen fashewar yuraniyom ake harbin a tukunyar nukiliya. Nace to mu fa? Yace muna da 'yar tukunya a Zariya tun 2004 mai kilowat 30, akwai kuma ƙaramar na'urar cillawa a jami'ar Ife, amma ba don irin wannan aiki aka girka su ba, shi yasa Dakta take roƙon abokan aikinta na waje su harbo mata leda su aiko, mu a nan mu yi tsomawa da dubawa.

Kuskuren da nayi shine na kai labarin gida. Baba na dawowa daga abbatuwa ta Oko-Oba yana cin tuwo naji bakina yace nukiliya. Ya ajiye loma yace "Me kace? Abin da ke hana mutum haihuwa?" Nace Baba ba haka bane. Yace gobe ka ajiye musu aikinsu ka zo ka riƙe min igiya. Sai da Malam ya zo har Zango ranar Lahadi ya durƙusa ya gaishe shi, yace "Baba, harsashin ya riga ya wuce tun a can, tabo kawai ya bari, ledar ba ta riƙe komai ba, mun ma kara mata na'urar awo ba ta nuna wani abu ba." Baba yace to Allah ya tsare, amma ya fi sati yana kallona ta wutsiyar ido.

Bayan wata biyu Dakta ta fara yarda dani da tsomawa. Ledar PET ce, irin robar gorar ruwan nan da muke sha mu yar, sai dai siririya ƙwarai, kauri maikuron 12, garau kamar gilashi, in ka ajiye a tebur sai ka yi ta lalube. Sai mun shanya ta ƙarƙashin fitilar UV, mai irin hasken nan na rana da ido ba ya gani, tukuna don tabon ya ƙara nuna, sannan na sa safar hannu da tabarau, don sodar nan in ta taɓa fata sai kaji santsi-santsi, to fatarka ce ke narkewa. Abin da nake so a aikin shine lokacin da ledar ke sauya kala, kana kallo garau ɗin nan ya fara yin hazo, ya koma fari kamar an zuba nono a ruwa, wai ramukan ne ke watsa haske.

Ranar wata Laraba ta ba ni yanka uku, tace na farko minti 10, na biyu 20, na uku 30, ruwa a digiri 60, ta tafi mitin. Na cire na farko daidai, na ɗauraye. Na biyu ma haka. Ana saura minti shida na cire na uku sai ga wayar Baba, tirelar shanu ta lalace a hanya wajen Ogere, direba ba ya ɗaga waya, dillalai sun taso shi gaba, in nemo masa lambar yaron mota. Cikin lab babu sabis, na fita baranda, kira wannan kira wancan, wallahi sai da na hango agogon bango ta taga gabana ya faɗi. Kusan awa ɗaya. Na zaro ta da ɗan hantsaki ta yi laushi tiɓis, gefe ɗaya ya yage ya bi ruwa. Na ɗauraye abin da ya rage, na shanya, na ɗauki biro na rubuta a littafi: minti 30. Shaiɗan yace min wa zai sani, abin da ido ma ba ya gani?

Sati biyu bayan nan layinmu ya zo a wani lab da ke da babbar na'urar hange mai aiki da ilaktoron, wadda suke kira SEM, biya ake yi kowane samfur kuma ba arha ba. Ni na rungumo kayan a danfo cikin gwangwanin madara da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi, don raɓar Legas ba ta barin komai. Mai na'urar ya yanki mitsi-mitsi ya manna a kan wasu ƙarafa kamar ƙusa mai faɗin kai, ya saka su cikin wata kwalba, ya kunna, ciki ya ɗauki haske shuɗi-shuɗi mai ja, wai zinare ake fesa musu, don roba ba ta ɗaukar lantarki, in ba a yi haka ba hoton sai ya yi ta walƙiya ya ɓaci. Nace a raina da Inna za ta ji ana shafa wa leda zinare ita ko ɗan kunne babu. Amma fesawar 'yan nanomita ce, ko ka kankare dubu ba za ka sayi kati ba.

Aka zuƙe iska, allo ya kawo, baƙi da fari. Jama'a ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Fili shimfiɗe sumul, ramuka baƙaƙe zagayayyu duk girmansu ɗaya kamar an auna, amma a warwatse ba layi, sak yayyafin farko a kan ƙura. Nan da can biyu sun haɗe sun yi kamar lamba 8. Malam yace a irin wannan ledar santimita ɗaya tsawo da faɗi tana ɗauke da rami wajen miliyan 100. Na farko ƙananan ramuka, na biyu sun kusa ninkawa, Dakta tana ta gyaɗa kai tana rubutu.

Sai aka juyo na uku.

Kamar tabarmar da gara ta kwana a kai. Ramuka sun cinye juna, sai 'yan zare-zare a tsakani suna riƙe da abin da ya saura. Ɗakin ya yi tsit, ƙarar famfon na'urar kawai kake ji. Malam ya matsa ya nemo wani rami guda da bai haɗe da kowa ba, ya sa aka ja layi aka auna faɗinsa, ya ɗauki biro ya yi ɗan lissafi a bayan rasit daga awon na farko da na biyu, bai fi layi uku ba. Ya ɗago ya kalle ni, ya yi ƙasa da murya yace da Hausa don kar sauran su ji, "Ƙanina, wannan ta kusa awa a cikin soda. Kai za ka gaya mata ko ni?"

Dakta ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskata. Ta rufe littafin a hankali, tace na same ta a ofis ranar Litinin ƙarfe 8, na zo da littafin. Daga nan har Agege a tsaye nake a bas rungume da gwangwanin madara, ko gosulon Ikeja ban lura da shi ba.

Abin da ya faru ranar Litinin ɗin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.