Darasin ƙirga a sana'ar kiɗan tirans

Armin van Buuren, DJ na tirans (wani nau'in kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura), haifaffen Leiden a ƙasar Holan a 1976, ya buɗe shirinsa na rediyo na mako-mako A State of Trance a 2001. Mujallar DJ Mag ta ɗora shi a matsayi na ɗaya a cikin DJ-DJ na duniya sau biyar: 2007 zuwa 2010, sai 2012. Yana tsaka da wannan harka ya kammala karatun lauya a Jami'ar Leiden, a 2003 kuma suka kafa kamfanin Armada Music da abokansa biyu. Wanda ya shigo sana'ar da zaton ihu ce da ɗaga hannu, da wuri zai gane lissafi ne ya fi yawa a cikinta.

Tirans yana gudu ne tsakanin bugu 128 zuwa 140 a minti, tsofaffin hannu kuma sun fi son 138. Bugu huɗu gaɓa ɗaya ne, kiɗan kuma yakan sauya fuska bayan zagayen gaɓa 16 ko 32. A gudun 138, gaɓa 32 ba ta wuce daƙiƙa 56 ba. Idan DJ ya shigo da sabon kiɗa a kan wanda ke tashi a gaɓa ta 20, ko da bugun ya hau daidai, sauyin kiɗan biyu zai saɓa, masu rawa su ji ƙafarsu ta harɗe ba su san dalili ba. Sai a farkon zagaye ake shigowa.

Inda sabon shiga ya fi faɗuwa shi ne bas, wato sautin ƙasa mai kauri. Gangar ƙasa biyu in suka buga tare, ko dai su cinye juna sautin ya zama holoƙo, ko su taru lasifika ta fara gurnani. Ana shigo da sabon kiɗa ne bas ɗinsa a kashe, a jira ƙarshen gaɓa 16, sannan a lokaci guda a kashe na tsohon a buɗe na sabon. Da yake tirans cike yake da karin sauti, dole muryoyin su jitu: a tsarin Camelot, wanda ke bai wa muryar kowane kiɗa lamba da harafi, 8A tana zama lafiya da 7A, 9A da 8B.

Akwai kuma wurin da ganguna ke ɗaukewa gaba ɗaya, a bar karin shi kaɗai yana hawa. Nan ne daɗin kiɗan, amma a jera irinsa uku a jere, filin rawa ya yi sanyi, mutane su tafi neman abin sha.

Kunne shi ne jari, kuma shi ake fara sakaci da shi. Ƙara mai ƙarfin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85 ana iya jure ta awa takwas. Duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu, a 100 kuwa minti 15 ne kacal. Kulob yakan kai nan. Shi ya sa ƙwararru ke sa toshiyar kunne da aka ƙera daidai da ramin kunnensu, su kuma rage lasifikar da ke gefensu tsakanin haɗin kiɗa da na gaba.