Farautar Tsoffin Shirye-shiryen Talabijin a Ƙasar Ringim

Babban abokin karawata a wannan harka ɗan gwangwan ne. Yana zaga ƙauyuka da baro da sikeli, ya sayi gwangwanin fim saboda ƙarfensa, zaren da ke ciki kuwa ya watsar, yara su yi ta jan sa a lungu. Shi ya sa tun farko na ƙulla zumunci da masu sayen ƙarfe a kasuwar Gujungu. Duk wanda gwangwani ko tsohon kaset ya faɗo hannunsa yakan ajiye mini zuwa Lahadi, in ƙara masa wani abu a kan kuɗin kilo.

Ni malamin firamare ne, kuma mutane sukan yi mamakin yadda irin waɗannan kaya suke ɓulla a karkara. Ai ma'aikaci in ya yi ritaya gida yake dawowa, da akwatinsa. Akwai waɗanda suka tuƙa motar majigi a zamanin da take bin gari-gari tana haska fim a ƙofar fada, akwai tsoffin ma'aikatan gidan talabijin, ga kuma masu gidajen kallo da suka rufe tun da wayar hannu ta ci kasuwarsu. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, kuma a wancan lokaci shirye-shiryen ƙasashen waje a zaren fim mai faɗin milimita 16 suke zuwa. Daga baya aka koma kaset na U-matic, wato babban kaset ɗin bidiyo na gidajen talabijin. Da yake kaset yana da tsada, sai a riƙa goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa. Saboda haka wani wasan kwaikwayo na zamanin su Samanja, ko na farkon CTV ta Kano, in ka same shi yau, mai yiwuwa wani ne ya naɗa a falonsa da na'urar VHS, har da talla da sanarwar rasuwa a tsakiya. Ni kam waɗannan tsarabe-tsaraben sun fi burge ni, don a nan ake jin yadda Hausar birni take a lokacin.

Hanci ne ke fara yanke hukunci. In na buɗe gwangwani na ji tsami kamar na ruwan khal, to zaren ya fara cin kansa. Zafi da laima ne ke jawo haka, ba ya kuma warkewa, kuma tururinsa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi, don haka ware shi nake yi nesa. Zaren da ya kamu yakan tsuke, ƙananan hujojin gefensa su daina dacewa da haƙoran majigi, kana kunnawa ya tsarge. Ba na ɗora kowane zare a kan na'ura. Da hannu nake warwarewa a bakin taga, da tabarau mai ƙara girma, ina ɗaukar hoton wasu wurare da waya. Zare mai tsawon ƙafa 400 bai wuce kallon minti 11 ba, amma sai ya cinye mini yamma guda. Masu launi kuwa galibi sun koɗe sun koma ja-ja, baƙi da fari ne ke riƙe kamanninsa.

Wajen ajiya, ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano nesa ba kusa ba, domin ba ya ɗaukar zafin bazara haka. Gwangwani a kwance, kaset a tsaye, duka a kan kanta saboda gara da danshin damina, kuma nesa da lasifika don maganaɗisunta yana iya taɓa kaset. Kaset ɗin da farin fumfuna ya bayyana a jikinsa ba ya shiga na'urata sai an share shi, in ba haka ba ya toshe kan na'urar. Masu lafiya ina juye su cikin kwamfuta da rana, lokacin da sola ke da ƙarfi.

Abin da ya fi duk wannan wuya shi ne mutane. Wani dattijo da ya yi aikin haska majigi, da na taya akwatinsa, sai ya ɓata rai.

"Ɗana, kana ganin yunwa ce ta sa na adana su?"

"A'a Baba, Allah ya huci zuciyarka. Aro nake roƙo, in juye in dawo maka da abinka."

Sai da ya ga na mayar masa da kaset biyu lafiya, tare da memori da jikokinsa suka sa masa a waya, sannan ya buɗe sauran. Aro ya fi ciniki buɗe ƙofa a wurin irin waɗannan bayin Allah. Kuma zaman da nake yi da shi ya fi kayan daraja, domin yawancin gwangwanayen ba rubutu a jikinsu. Shi ne zai dubi hoto ya ce wannan rangadin auduga ne, wancan faɗakarwa ce kan lambar ƙyanda, ya faɗi garuruwan da suka haska shi da irin shewar da mata suka yi. Ina rubuta duka a littafi, in liƙa lamba a jikin gwangwanin.

Wani lokaci a ƙarshen kaset sai ka tarar da bikin gidan mutane, da matan aure a ciki. Wannan amana ce, ba ya hawa Facebook, ga masu shi yake komawa. Shirye-shiryen ma ba na sayarwa, haƙƙin gidajen da suka yi su ne.

Inda na cije yanzu shi ne kaset ɗin U-matic. Faɗin zarensa ya fi na VHS, ba ya shiga na'urar gida, kuma masu gyaran rediyo da na tambaya a Kano sun ce sun daɗe rabonsu da ganin na'urarsa mai aiki. Wanda ya san inda take, ko da matacciya ce da za a ciri kayan gyara a jikinta, ina cigiya.