Minti arba'in da suka yi yawa a cikin alwatika

Da daddare ƙanwata ta zo min da littafin lissafi, ta ce, "Yaya, duba min nan, amsata ta ƙi zuwa daidai da ta bayan littafi." Alwatika ce, an ba da kusurwa biyu, 47°38′ (wato digiri 47 da minti 38) da 65°49′, ana neman ta uku.

Ban ga wata wahala ba, tunda kusurwoyin alwatika uku in an haɗa su 180° suke bayarwa, ba ƙari ba ragi. Na ɗauki kalkuleta na danna 47.38, na ƙara 65.49, ta ba ni 112.87. Na ɗebe daga 180, saura 67.13, sai na rubuta 67°13′. Abin da ita ma ta samu ke nan. Littafi kuwa 66°33′ ya ce, har na fara zargin kuskuren bugu ne.

Abin ya tsaya min a rai, sai na ajiye kalkuleta na ɗauki fensir na haɗa kusurwoyin uku da hannu, digiri a gefe, minti a gefe. Digiri suka tashi 179, minti suka tashi 100. A nan na yi turus. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba, kamar dai awa a agogo. Ashe minti ɗarin nan digiri ɗaya ne da minti 40, wato alwatikata ta kai 180°40′, abin da ba zai taɓa yiwuwa a kan takarda ba. Ɗigon da na sa tsakanin 47 da 38 shi ya jawo komai, don kalkuleta ta ɗauke shi a matsayin kashi 38 cikin ɗari, alhali 38 cikin 60 ne. Wannan ƙirga da sittin-sittin gadon mutanen Babila ne, kuma shi ne dai muke amfani da shi wajen lokaci har gobe.

Muka sake daga farko. Minti 38 da 49 sun ba da 87, muka cire 60 muka mayar da su digiri ɗaya, saura 27. Jimla ta zama 113°27′. Wurin ɗebewa ne ta ɗan daburce, don 180° ba shi da minti ko ɗaya da za a cire 27 daga ciki. Na ce mata ta ari digiri guda ta farfasa shi, ta rubuta 179°60′. Tana ɗebewa sai ga 66°33′.

Tun ranar ba na yarda da amsa sai na sake haɗa kusurwoyin uku na ga 180° cif.

Tambaya ta gaba alwatika ce mai kusurwar 90°, ɗaya kusurwar kuma 28°45′. Na miƙa hannu zan karɓi fensir, ta ce, "Bari, Yaya." Tunda 90° ne ya rage wa sauran kusurwoyi biyun, ta rubuta 89°60′ a sama, 28°45′ a ƙasa, ta ja layi, ta fitar da 61°15′.