Katangar da ba ta taɓa shan ruwa ba

Da na gama karatun zanen gine-gine a nan Kumasi, abin da hannuna ya iya shi ne haɗa samfurin gida da farin kwali, ma'aunin 1:100, fes, ko ɗigon gam babu. Aikin ofis bai samu ba. Sai wani abokin karatuna ya haɗa ni da masu wasan yaƙi a kan tebur, waɗanda ke jera 'yan sojojin roba suna jefa ƙwayar ludo. Yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 suke son bugawa, lokacin da Tonawa, wato mutanen Asante, suka tsare gwamnan Turawa da sojojinsa, da yawansu Hausawa, a cikin tsohon barikin nan da yanzu ya zama gidan tarihin soja. Ni zan yi barikin da gidajen kewaye.

Lissafi ne ya fara ba ni kunya. Sojan wasan milimita 28 ne, kusan 1:56 ke nan, don haka ƙofa mai faɗin santimita 90 ta fito milimita 16. Daidai a takarda. Amma kowane soja a kan faifai mai milimita 25 yake tsaye, ba ya shiga. Na faɗaɗa ƙofofi ina jin haushi, na kuma bar rufin ba gam don hannu ya shiga ɗaki. Soson da na fesa wa fentin gwangwani kuwa a gabana ya narke. Tun daga ranar sai na shafe shi da farin gam na kafintoci tukuna.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ranar da na gama gida na farko, kawuna, tsohon magini, ya ɗaga shi ya juya, ya ce, "Ɗana, garin nan naku ba a ruwa ne?"

Na yi shiru. An haife ni a unguwar Aboabo, kullum ina wuce katangu, ban taɓa tsayawa na dube su ba. Washegari muka zaga Zango tare. Ya nuna mini yadda ruwan indararo ke fallatso ya ci gindin bango ya bar shi jajawur, yadda tsaga ke tasowa daga kusurwar taga, yadda gansakuka ke kama gefen da rana ba ta samu. Gefen ƙofa ya yi baƙi daidai inda hannaye ke dafawa. Ko lalacewa ma da ƙa'idarta, ba a watsa ta barkatai.

Yanzu jar ƙasar bayan gidanmu nake tankaɗewa da rariyar Inna (ta gaji da faɗa, ta bar mini), in kwaɓa da gam in yaɓe. In ya bushe sai in bi shi da fenti mai duhu tsararo ya kwanta a ramuka, sannan in goge burushi a tsumma har ya kusa bushewa in shafa launi mai haske a kan tudu. Da damina kwali na lanƙwashewa, sai an shafa gam ciki da waje.

Da na kai wa Kawu na biyun, ya daɗe yana kallon gindin bangon. Ya ce mai gidan nan malalaci ne, ya kamata ya yi yaɓe kafin ruwa ya sauka.