Wod ɗin da na koyi aiki da wanda na zama ƴar aike

Ranar farko da aka kai mu postin, wato koyon aiki a asibiti, mu shida ɗaliban jinya ƴan aji ɗaya, kowa ta sha farin yunifom da ɗan littafinta a aljihu, wallahi ji nake na san komai. Ai na haddace bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 ne a minti, numfashi 12 zuwa 20, har na ci jarrabawa a kai. Sai aka ce in duba bugun wani dattijo, na ɗora yatsu na lalaba na lalaba ban ji komai ba, gumi ya karyo min, shi kuma bawan Allah sai cewa yake "ƴata yi a hankali, ba komai."

Nas ɗin da ke gefena ba ta karɓe aikin ba, kuma ba ta yi min tsawa gaban majinyaci ba. Kama yatsuna ta yi ta matsar da su a wuyan hannunsa ta ɓangaren babban yatsa, ta ce in ƙirga minti ɗaya cikakke tunda nasa bugun ba ya tafiya daidai. Sai da muka fito ta gaya min inda na kuskure. Sati huɗu ina bin matar nan kamar jela, duk abin da za ta yi sai ta ce min "me ya sa kike ganin zan yi haka?"

Wod na biyu kuwa, hmm. Kai jini lab, ɗauko folda, gyara gado, koma lab karɓo sakamako. Ba wai gyaran gado ba aiki ba ne, aiki ne sosai, amma ace sati shida ba ki ga an sa kanula, ɗan bututun nan da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani, kusa da idonki ba? In kika yi tambaya sai a ce "me ake koya muku a makarantar?" to daga nan ɗaliba ta kama bakinta, kuma nan ne abin tsoron yake, don wadda ke jin tsoron tambaya ita ce za ta yi kamar ta gane adadin magani alhali ba ta gane ba. Abubuwa biyar ɗin nan da ake dubawa kafin a ba da magani, majinyacin, maganin, adadin, hanyar da lokacin, ba a koyon su a cikin fargaba.

Amma fa ban cika ganin laifinsu ba yanzu. Nas ɗaya da gadaje fal, ga ƙarin ruwa ya ƙare can, ga ƴan uwan majinyaci na kira nan, yaushe za ta tsaya koyarwa? A Ingila ɗalibin jinya sai ya cika awa 2,300 na aiki a aikace, kuma ƙa'ida ita ce ba a lissafa shi cikin ma'aikatan diyuti, koyo ya zo yi ba toshe giɓi ba. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci kuwa ɗalibi shi ne farkon wanda ake toshe giɓin da shi. Ga cunkoso, mu goma a kan gado ɗaya na baya ba ta ganin komai sai ƙeyar na gaba, majinyaci ya ce shi ba ya so ɗalibai su taɓa shi, kuma haƙƙinsa ne. Malaminmu na makaranta ma sai ranar sa hannu a logbuk, littafin da ake rubuta ayyukan da muka yi, muke ganinsa.

Mu ma da namu, in faɗi gaskiya, sau nawa muka laɓe muna danna waya.

Diyutin dare ne ya cece ni, ba hayaniya, ba zagayen likitoci, nas tana da lokacin magana. Wajen ƙarfe 3 na dare wata sista ta miƙo min safar hannu ta ce "zo ki gwada, ina tsaye." Na farko na kuskure jijiyar, ta ce in saki numfashi in sake kallon hannun da kyau, a na biyu na ga jini ya dawo cikin kanula.