Iskar Kudu

A Ostireliya watan Disamba tsakiyar zafi ne. Kowa ya san wannan a takarda tun kafin ya taso, amma jiki ba ya yarda sai ya ji da kansa. A jiharmu ta New South Wales, in shekara ta zo ƙarshe, hirar mutane ba ta wuce abu uku: wasan kurket, wutar daji, da tseren jiragen ruwa daga Sidni zuwa Hobat. Kurket dai har gobe ban gane kansa ba, kuma na haƙura. Sauran biyun su suka shige min rai, ni da ruwan da na sani mafi girma kafin in bar Funtuwa bai wuce dam ɗin Mairuwa ba.

Aikin kula da tsofaffi ya kawo ni, a wani gida da ke Penrith, can yammacin Sidni. Da iyali suka biyo ni sai muka nemi haya a gindin duwatsun Blue Mountains, wajen Winmalee, don kuɗin ya fi sauƙi kuma akwai tsakar gida da yara za su yi guje-guje. Bayan katangar gidan daji ne zalla, bishiyoyin turare iya ganinka, irin waɗanda ake dasawa a wajenmu don tare hamada, ashe nan ne mahaifarsu. Uwargida ta ce wuri kamar a hoto. Ba wanda ya gaya mana cewa a watan Oktoban 2013 wuta ta cinye gidaje kusan 200 a wannan yanki. A bakin maƙwabci muka ji, bayan mun riga mun sauke kaya.

Maƙwabcin nan dattijo ne, ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, yaranmu Kaka suke ce masa. Ya daɗe cikin 'yan sa-kai na kashe wutar daji, rundunar da ake kira RFS, wadda ke da mutane wajen 70,000 a jihar, galibinsu ba a biyansu ko sisi: makanikai, malaman makaranta, manoma, matan aure. Farkon maganar da ta haɗa mu ba gaisuwa ba ce. Ya leƙo ta kan katanga ya nuna rufin gidanmu, ya ce indararon ya cika da busasshen ganye, in samo tsani. Na ji abin wani iri, mutum ko sannu da zuwa babu. Amma shi ya riƙe min tsanin, kuma ina sama ina kwashe ganye yana ƙasa yana bayani. Yawancin gidajen da ke ƙonewa, in ji shi, ba harshen wuta ke taɓa su ba. Ɓawon turare ne ke kamawa, iska ta ɗauke shi yana ci, ta kai shi kilomitoci gaban wutar, ya faɗa cikin indararo ko ƙarƙashin dandamalin katako, sai gida ya kama daga sama alhali wutar tana can bayan dutse. Ganyen kansa mai ne a cikinsa. Ya murtsuke ɗaya ya miƙo min in sunsuna.

Shi ne kuma ya ja ni ga tseren. Ranar 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti, ya kira ni falonsa kafin ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da ake harba igwar tashi a tashar ruwan Sidni. Jirage ne marasa amfani da inji, iska kaɗai ke tura manyan ƙyallayen da aka ɗaure a doguwar sandar tsakiya. Suna fita ta bakin teku tsakanin duwatsu biyu, su karya dama, su nufi kudu: mil 628 na teku, sama da kilomita 1,100, su bi gefen ƙasar, su ƙetare mashigin Bass, su gangara gabashin tsibirin Tasmaniya, su shiga kogin Derwent har Hobat. Tun 1945 ake yi. A shekarar farko jirage 9 ne, wanda ya zo na ɗaya, Rani, ya kwana shida a hanya. A 2017 Comanche ya yi tafiyar a kwana 1 da awa 9 da minti 15, kuma har yanzu ba a karya wannan ba.

Gaskiya kallon farko wasan masu kuɗi na gani, kuma ban janye wannan ba gaba ɗaya. Manyan jiragen masu tsawon ƙafa 100 na attajirai ne, su kyamara ke bi, su jarida ke bugawa. Amma kofin da 'yan teku ke girmamawa, Kofin Tattersall, ba na wanda ya riga kowa isa ba ne. Ana lissafa girman kowane jirgi da ƙirarsa a gyara lokacinsa, ta yadda ƙaramin jirgin wasu abokai da suka tara kuɗi suka saya zai iya isa kwana biyu bayan attajiri kuma ya doke shi. Dattijon ba ya ko kallon na gaba. Yana buɗe taswirar da ke nuna kowane jirgi a intanet, ya gangara can baya ya zaɓi wani tsohon jirgin katako, ya bi shi dare da rana. Ni ma na ɗauki ɗabi'ar. In na tashi sallar asuba, na fuskanci yamma kamar yadda alƙibla take a nan, ina sallamewa sai in duba ko nawa ya motsa cikin dare. Kogin Derwent mugu ne: iska kan ɗauke a cikinsa bayan faɗuwar rana, jirgin da ya sha wuyar teku ya zo ya tsaya cik yana hango fitilun gari, na baya su zo su same shi.

Abin da ya sa tseren ya zauna min shi ne ranar da na lura cewa shafi ɗaya dattijon ke buɗewa don jirage da don wuta, shafin hukumar hasashen yanayi. Iska yake karantawa. A nan arewa ce wajen zafi, kudu wajen sanyi. In iska ta taso daga arewa maso yamma, ta ratso tsakiyar ƙasar mai hamada, tana zuwa a bushe da zafi, ita ce ke kora wuta. In ta fito daga arewa maso gabas, 'yan jirgi murna suke, tana tura su ta baya suna gudu. Sannan ga iskar kudu, wadda ke faɗowa farat ɗaya da yamma bayan ranar zafi. Mutanen birni ita suke jira, a buɗe tagogi, cikin ɗan lokaci zafi ya sauka. Amma a teku ita ce ke bugo jirage ta gaba ta karya sanda ta yaga ƙyalle. A daji kuwa ta fi haka muni. Wuta na tafiya da siririn kai da dogon gefe. In iska ta juya, wannan dogon gefen gaba ɗaya shi ke zama kai. Haka aka yi a jihar Victoria ranar 7 ga Fabrairun 2009, mutum 173 suka rasu, da yawansu bayan iskar ta juya, a lokacin da suke ganin wutar ta wuce su.

Tekun ma yana da shekarar da ba a mantawa. A 1998 jirage 115 suka tashi, guguwa ta same su wajen mashigin Bass, 44 kaɗai suka isa. Biyar suka nutse, aka ceto mutum 55, shida suka mutu. Bayan nan aka tsaurara dokoki, aka hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga. Duk da haka a 2024 an sake rasa mutum biyu a daren farko. Dattijon yana faɗin irin waɗannan abubuwa ba tare da muryarsa ta canza ba, kuma na lura haka mutanen nan suke da haɗari: ba sa yawan jajantawa, lissafi suke yi.

Sai 2019 ta zo. Fari ya riga ya busar da komai. A ƙarshen Oktoba tsawa ta kunna wuta a dutsen Gospers, cikin gandun Wollemi da ke arewa da mu, wutar da daga baya ta ci sama da hekta 500,000 ita kaɗai. Na taso ina ganin ana cinna wa daji wuta da rani don farautar gafiya, ina kuma ganin hazon hunturu ya rufe rana, don haka da hayaƙin ya fara na ɗauka na san irinsa. Hazo ba ya wari, ba ya kuma zubo maka toka da baƙin ganye a kan shanya. Wannan kuwa yana shiga maƙogwaro ya zauna. Ranar 10 ga Disamba ya yi kaurin da ƙararrawar gobara ta riƙa tashi da kanta a gine-ginen Sidni, aka tsayar da jiragen fito, har gwajin tseren manyan jirage da aka saba yi a tashar ruwa kafin Kirsimeti aka soke. A wurin aiki muka rufe tagogi, muka jera jiƙaƙƙun tawul a ƙasan ƙofofi, tsofaffi masu ciwon ƙirji suna ta tari. Ƙaramar 'yarmu mai asma ta koma kwana da abin shaƙa a ƙarƙashin matashi.

A lokacin, manhajar RFS a waya tana da matakai uku na gargaɗi: shuɗi a sani, rawaya a shirya a motsa, ja kuwa rai na cikin haɗari. Akwai saƙon da ya fi kowanne tayar da hankali, wanda ke cewa lokacin fita ya wuce, a nemi mafaka inda ake. Wayar ta riƙa ƙara cikin dare har muka daina barcin kirki. A bakin ƙofa muka ajiye jaka: fasfo, takardun zama, takardun makaranta, magunguna, Alƙur'ani, barguna na ulu domin na roba narkewa suke a jiki, da gwal ɗin uwargida. Baƙo a ƙasar wasu ya san takarda ce gidansa na gaskiya, ita muka fara sawa.

Da aka ce ranar 21 ga Disamba za ta kai matakin ƙarshe a ma'aunin haɗarin wuta, wanda suke kira na bala'i, sai muka saɓa da uwargida. Ni na so in tsaya, na cika baho da bokitai, na ja mesa. Ta dube ni ta ce, "Baban yara, gidan haya ne fa. Kai da ko takalmin kirki ba ka da shi." Na tsallaka in nemi goyon bayan dattijon, ya tambaye ni ko ina da injin ruwa mai aiki da fetur, don in lantarki ya ɗauke famfo ma kan mutu. Na ce babu. Ya ce to in kwashi yara tun da sassafe, kada in jira in ga hayaƙi, domin a kan hanya mutane suka fi mutuwa. Muka tafi Auburn wajen wasu 'yan uwa 'yan Nijar da muka saba da su a masallaci, aka shimfiɗa katifu a falo, aka dafa dambu. A ranar wuta ta yi ɓarna a Bilpin da Lithgow da Balmoral. Unguwarmu Allah ya tsare. Kwana biyu kafin nan 'yan sa-kai biyu, dukansu masu ƙananan yara, sun rasu kusa da Buxton da bishiya ta faɗo wa motarsu, firaminista Scott Morrison kuwa yana hutu a Hawaii, har ya ce a rediyo shi ai ba mesa yake riƙewa ba. Ban taɓa ganin fushin mutanen nan irin na wannan mako ba.

Cikin wannan hali aka yi tsere na 75, jirage 157. Wasu suka ce bai dace ba, ƙasa na ci da wuta ana wasa. Ni ban ga laifinsa ba. Dattijon ya dawo daga aikin dare fuska baƙi ƙirin, idanu jawur, ko wanka bai yi ba ya zauna a baranda ya ce in buɗe masa taswira. Comanche ya riga kowa, Ichi Ban mai ƙafa 52 ya ɗauki kofin, namu tsohon yana can baya yana jan jiki. Jiragen sun bi ta gaban gaɓar kudu, inda bayan 'yan kwanaki, jajibirin sabuwar shekara, mutum kusan 4,000 suka taru a bakin ruwa a Mallacoota, sama ta yi ja da safe, sai sojan ruwa suka zo daga baya suka kwashe wasu. Ranar 4 ga Janairun 2020 zafi ya kai digiri 48.9 a Penrith, ina bakin aiki. Sai a Fabrairu aka samu ruwan sama mai yawa ya kashe sauran. A faɗin ƙasar, mutum 33 wutar ta kashe kai tsaye, gidaje sama da 3,000 suka tafi.

Hajiya tana gani a talabijin ta kira tana kuka, wai mu tattaro mu dawo. Na ce, "Hajiya, ki yi mana addu'a dai, muna lafiya." Ba mu dawo ba, ba mu ma canza gida ba, ko da yake uwargida ta so. Mun dai canza yadda muke zama a cikinsa. Da watan Satumba ya kama nake hawa rufi, in yanke rassan da suka leƙo, in janye itace da tukunyar gas daga jikin bango. Mun rubuta a takarda mun manna jikin firji: ranar da allon haɗarin wuta na kan titi ya nuna mataki na ƙarshe, tafiya za a yi, babu shawara. Babban ɗanmu ya fara zuwa horon matasa na 'yan sa-kai ranar Asabar, uwarsa na gunaguni, ni ina kai shi. Shi da Kaka kuma sun ƙulla cewa wata shekara za mu je Hobat mu tsaya a tashar Constitution mu tafa wa jirgin ƙarshe, tunda can kowa ake tafa wa ko da tsakar dare ya iso. Na duba kuɗin jirgin sama da masauki a wannan mako na shekara, na ce musu su ci gaba da tara kuɗi.